Shafin 270toWin: gwanin lissafin zaɓen Amurka, amma bai isa ya bayyana tsawon kamfe shi kaɗai ba

Wanda yake son ya gane yadda ake zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, ba jin sakamako kawai ba, da wuya ya sami abin da ya fi shafin 270toWin sauƙin farawa. Shafin intanet ne na kyauta, yana aiki tun zaɓen 2004, ba ya goyon bayan wata jam'iyya, kuma ba sai an yi rajista ba kafin a taɓa taswirarsa. Ga hukuncinmu tun daga farko: wajen koyar da lissafin ranar zaɓe babu kamarsa, wajen tarihi ma ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma wanda ya dogara da shi kaɗai zai fita bai san abin da ya sa 'yan takara suke shafe kusan shekara biyu suna yawon neman ƙuri'a ba. Wannan ɓangaren sai an haɗa da wani wurin.

Abin da ake fara gani shi ne taswirar jihohi 50 da gundumar babban birnin ƙasar, Washinton, kowace da lamba a jikinta. Lambar ita ce yawan wakilan zaɓe da jihar take da su, domin a Amurka ba jimillar ƙuri'un jama'a ce take naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana samun wakilai daidai da yawan 'yan majalisarta na tarayya: sanatoci biyu, sai kujerunta na Majalisar Wakilai waɗanda ake rabawa bisa ƙidayar jama'a. Kujerun Majalisar Wakilai 435 ne, sanatoci 100, sai uku da gyaran tsarin mulki na 23 ya ba Washinton a 1961. Jimilla 538. Rabi 269 ne, saboda haka wanda ya sami 270 ya ci. Kalifoniya tana da 54, Teksas 40, Fulorida 30, New York 28, har a gangaro kan irin su Wyoming da Vermont da Alaska masu uku-uku.

Amfani da ita ba wuya. Idan ka latsa jiha sai launinta ya canza, shuɗi na jam'iyyar Dimokurat, ja na Rifablikan, ko kuma a bar ta a matsayin wadda ba a san inda za ta faɗa ba. Akwai matakan launi: mai duhu yana nufin jihar ta tabbata, mai haske yana nufin ta karkata kawai. A saman taswirar akwai ma'auni mai nuna jimillar kowane ɓangare, yana sauyawa nan take. Idan ka gama, shafin zai ba ka adireshin taswirar da ka haɗa domin ka ajiye ko ka tura wa wani.

Ga gwajin da ya kamata kowane sabon mai amfani ya fara da shi, da alƙaluman zaɓen 2024. Ka bar jihohi bakwai babu launi: Pennsylvania mai 19, Jojiya 16, North Carolina 16, Michigan 15, Arizona 11, Wisconsin 10, da Nevada 6. Sun haɗu sun ba da 93. Sauran ka ba kowace jam'iyya inda ta saba ci. Ma'aunin zai nuna Dimokurat 226, Rifablikan 219, ke nan ɗaya yana neman 44, ɗayan 51. Yanzu ka ba Dimokurat Pennsylvania da Michigan da Wisconsin: 44 cif, ya kai 270 ba ƙari ba ragi. Ka goge, ka ba Rifablikan Pennsylvania da Jojiya da North Carolina: 51 cif, shi ma 270. Pennsylvania ta fito a gajeriyar hanyar kowannensu. Ka sake gwadawa ka ƙwace ta daga hannun Dimokurat, ka ba shi Michigan da Wisconsin da Arizona da Nevada duka, zai tsaya a 268, dole sai ya ci Jojiya ko North Carolina. Ka ƙwace ta daga Rifablikan, ka ba shi jihohin kudu da yamma huɗun nan, shi ma 268, sai ya ci Michigan ko Wisconsin. Cikin minti biyar mutum ya gane dalilin da ya sa Donald Trump da Kamala Harris suka yi ta zarya a Pennsylvania suna zuba kuɗin talla, alhali Kalifoniya da Teksas, masu ɗimbin jama'a, ba a cika zuwa cikinsu ba sai domin tara gudummawa. A ƙarshe Trump ya kwashe bakwai ɗin duka, ya tashi da 312, Harris da 226. Ƙasan taswirar akwai wani sashe da yake lissafo duk haɗe-haɗen jihohin da za su kai kowane ɗan takara 270 daga abin da ka bari a buɗe, kuma wannan shi ne mafi amfani a shafin gaba ɗaya ga ɗan jarida ko malamin makaranta.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne Maine da Nebraska. A jihohi 48 da Washinton, wanda ya fi yawan ƙuri'a, ko da da ƙuri'a ɗaya ce, shi yake kwashe dukkan wakilan jihar. Waɗannan biyun kuwa rabawa suke yi: wakilai biyu ga wanda ya ci jihar gaba ɗaya, sannan ɗaya-ɗaya ga wanda ya ci kowace mazaɓar Majalisar Wakilai. Maine ta fara haka a zaɓen 1972, Nebraska a 1992. Shafin ya ware musu ƙananan akwatuna na daban, kuma wanda ya latsa jikin jihar kawai bai duba akwatunan ba zai iya fita da lissafin da ya kauce da ƙuri'a ɗaya ko biyu. Kada a raina wannan ɗayar. Lamba 226 da muka ba Dimokurat a sama ta haɗa da mazaɓa ta biyu ta Nebraska, wato yankin birnin Omaha, wadda Barack Obama ya ci a 2008, Joe Biden a 2020, Harris a 2024. Ka mayar da ita ja a cikin gwajin farko, sai ma'aunin ya tsaya 269 da 269.

Idan aka yi irin wannan kunnen doki, ko kuma babu wanda ya kai 270 saboda ɗan takara na uku ya ci wasu jihohi, maganar tana komawa Majalisar Wakilai bisa gyaran tsarin mulki na 12. A can ba kowane ɗan majalisa ne yake da ƙuri'arsa ba, kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, ana neman 26. Wyoming mai ɗan majalisa ɗaya daidai take da Kalifoniya mai 52. Majalisar Dattawa kuma ita take zaɓen mataimaki, don haka ana iya samun shugaba daga wata jam'iyya, mataimaki daga wata. Rabon da majalisa ta zaɓi shugaba tun zaɓen 1824, lokacin da ta ba John Quincy Adams duk da Andrew Jackson ya fi shi ƙuri'u. Taswirar ba za ta gaya maka wannan da kanta ba, sai ka bi ta cikin sauran shafukan bayani, kuma da an kusanto da bayanin kusa da ma'aunin da ya fi.

Sashen tarihi ya cancanci a zauna a kansa. Akwai taswirar kowane zaɓe tun daga na George Washington a 1789, akwai kuma shafin kowace jiha da yake nuna inda ta faɗa zaɓe bayan zaɓe. Zaɓuka uku sun isa su koyar da tsarin. Na 2000: George W. Bush 271, Al Gore 266, alhali Gore ya fi yawan ƙuri'un jama'a da kusan rabin miliyan. Komai ya rataya a kan Fulorida, inda tazarar ta kasance ƙuri'a 537, kuma sai da Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙidaya ranar 12 ga Disamba kafin maganar ta mutu. Na 2016: Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'un jama'a da kusan miliyan uku, amma ya ci Michigan da Pennsylvania da Wisconsin da tazarar da ba ta kai 80,000 ba idan an haɗa su uku. Mai lura zai ga an rubuta 304 da 227 maimakon 306 da 232. Ba kuskuren shafin ba ne: wakilai bakwai ne suka saɓa alkawari suka zaɓi wasu mutane daban, abin da ya sa a 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihohi ikon tilasta wa wakilansu bin abin da jama'a suka zaɓa. Na uku shi ne 1992, inda Ross Perot ya sami kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa bai sami wakili ko ɗaya ba, domin babu jihar da ya zo na farko. Wanda ya kalli wannan taswirar ya gane dalilin da ya sa jam'iyyu biyu kaɗai suke mulki. Ɗan takara na uku na ƙarshe da ya ci jihohi shi ne George Wallace a 1968, da wakilai 46.

Amma taswirar tana da aibin da yake tattare da kowace taswira irin ta. Ido yana auna faɗin ƙasa ne, ba yawan mutane ba. Montana da Wyoming da Dakota biyu sun mamaye fili mai girma, amma wakilansu gaba ɗaya 13 ne, ba su kai na New Jersey mai 14 ba, wadda da ƙyar ake ganinta. Launi ɗaya a jiha kuma yana ɓoye miliyoyin mutane: a 2020 Trump ya sami ƙuri'u sama da miliyan shida a Kalifoniya, fiye da abin da ya samu a kowace jiha, amma a taswira shuɗiya ce tas. Sannan nauyin ƙuri'a ba ɗaya ba ne. Wyoming tana da mutane kimanin 577,000 da wakilai uku, ke nan wakili ɗaya ga mutum 190,000 da 'yan kai, a Kalifoniya kuwa wakili ɗaya yana tsaya wa sama da mutum 700,000. Duk wanda zai nuna wa ɗalibai wannan taswirar ya fara da gaya musu su karanta lamba, su bar launi.

Akwai kuma taswirorin hasashe. Shafin yana tattaro ra'ayoyin masana irin su Cook Political Report da Sabato's Crystal Ball da Inside Elections ya haɗa su wuri ɗaya, yana kuma kawo matsakaicin ƙuri'un jin ra'ayin jama'a na kowace jiha. Wannan hidima ce mai kyau, tana rage wa mutum yawo. Sai dai a riƙa tunawa shafin kamar sikeli yake, abin da aka ɗora masa shi yake aunawa. A 2016 akasarin ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna Clinton a gaba a Wisconsin, ta kuma faɗi. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suka gano daga baya shi ne masu binciken jihohi da yawa ba su daidaita samfurinsu da matakin ilimin masu amsawa ba, alhali waɗanda suka yi jami'a sun fi amsa tambayoyi kuma sun fi karkata ga Dimokurat. A 2020 ma an rage wa Trump ƙarfi a lissafi. Binciken da aka yi da mutum 800 yana da gibin kuskure na kusan maki uku da rabi a kowane ɓangare, saboda haka tazarar maki ɗaya ko biyu ba ta nuna wanda yake gaba. Idan kuma kuskuren ya zo, yakan zo wa jihohi masu kama da juna gaba ɗaya, shi ya sa Michigan da Wisconsin da Pennsylvania suka faɗa wuri ɗaya a 2016 da 2020 da 2024.

Yanzu ga inda shafin ya gaza, wato batun tsawon kamfe. Yana da jadawalin zaɓukan fitar da gwani, yana bin ƙidayar daliget a lokacinsu, amma jadawali yana nuna ranaku ne kawai, ba ya nuna abin da ya haife su.

Dalili na farko na tsawon kamfen shi ne ranar zaɓe a kafe take. Tun 1845 doka ta sa ta ranar Talatar da ta biyo bayan Litinin ta farko a watan Nuwamba, duk bayan shekara huɗu. Kowa ya san zaɓe mai zuwa ranar 7 ga Nuwamba 2028 ne. Babu kuma wata doka da ta ce ga ranar da za a fara kamfe, kuma da an yi ta da wuya ta tsallake kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki da ke gyaran tsarin mulki na farko. A Birtaniya kwanakin aiki 25 ne tsakanin rushe majalisa da zaɓe, a Japan kamfen majalisar wakilai kwana 12 ne. A Amurka mai niyya yana iya farawa duk ranar da ya ga dama, wanda ya jinkirta kuma zai tarar an riga shi ga ma'aikata da masu ba da kuɗi. John F. Kennedy ya bayyana takararsa a watan Janairun 1960, shekarar zaɓen. Trump ya bayyana tasa ta 2024 ranar 15 ga Nuwamba 2022, saura kwanaki kaɗan shekara biyu cur.

Dalili na biyu ya samo asali ne daga 1968. A wannan shekarar jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da Hubert Humphrey a babban taronta na Shikago ba tare da ya shiga zaɓen fitar da gwani ko ɗaya ba, ana ta arangama tsakanin 'yan sanda da masu adawa da yaƙin Vietnam a wajen zauren. Bayan haka jam'iyyar ta kafa kwamitin McGovern da Fraser, wanda ya ƙwace ikon zaɓen daliget daga hannun jiga-jigai ya miƙa wa talakawan jam'iyya, jihohi suka koma yin zaɓen fitar da gwani, Rifablikan ma suka bi sahu. Daga nan wanda yake son tikiti dole ya bi jiha-jiha yana roƙon masu zaɓe. Jimmy Carter, gwamnan Jojiya da ba a san shi ba a ƙasa, ya bayyana takara a Disamban 1974, ya tare a Iowa, ya yi fice a can a farkon 1976, ya ci tikiti, ya ci zaɓe. Tun daga lokacin kowa ya ɗauki darasi.

Na uku shi ne rige-rigen jihohi. Iowa ta saba buɗe fage da tarukan 'yan jam'iyya a unguwanni, New Hampshire kuma tana da dokar da ta wajabta a yi nata zaɓen aƙalla kwana bakwai kafin duk wani irinsa. Duk jihar da ta matso da ranarta gaba, sai waɗannan su ƙara matsawa. A 2008 sai da Iowa ta kai 3 ga Janairu, jam'iyyu kuma suka hukunta Fulorida da Michigan saboda sun yi gaba da lokaci. A 2024 Dimokurat sun sa South Carolina a farko, New Hampshire ta ƙi bi ta yi nata ranar 23 ga Janairu, sunan Biden bai fito a takardar zaɓe ba, magoya bayansa suka rubuta shi da hannu ya ci. Daga Iowa ranar 15 ga Janairu, zuwa Babbar Talata ranar 5 ga Maris da jihohi 15 suka yi tare, har zuwa Yuni, wata biyar ke nan ana zaɓe kafin a kai manyan tarukan jam'iyyu a Yuli da Agusta.

A nan akwai tarko ga mai karanta teburin daliget na shafin. Daliget daban, wakilan zaɓe daban. Daliget na jam'iyya ne, su suke tsayar da ɗan takara a babban taro, kuma dokokin jam'iyyun biyu ba ɗaya ba ne. Dimokurat suna rabawa gwargwadon ƙuri'a ga duk wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari, shi ya sa wanda ya yi gaba da tazara yake da wuyar kamowa, amma kuma takarar takan ja, kamar ta Obama da Clinton a 2008 da ta kai Yuni. Rifablikan suna barin jihohi su zaɓi tsari, wasu wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka. A 2016 Trump ya sami kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'un South Carolina ya tafi da daliget 50 na jihar gaba ɗaya. A 2024 daliget ɗin Rifablikan 2,429 ne, ana neman 1,215. Wanda ya kalli kason ƙuri'a bai duba dokar rabon jihar ba zai yi ta mamakin alƙaluman. Haka nan yankuna irin su Puerto Rico da Guam suna da daliget a zaɓen fitar da gwani amma ba su da wakili ko ɗaya a Nuwamba, shi ya sa suke fitowa a tebur ɗaya su ɓace a ɗayan.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, kuɗi ne, wanda ba fagen 270toWin ba ne ko kaɗan. Shawararmu ita ce a buɗe shafin hukumar FEC, mai kula da kuɗin kamfe na tarayya, a gefe guda. Doka ta ce duk wanda ya tara ko ya kashe sama da dala 5,000 domin takara dole ya yi rajista cikin kwana 15. A zagayen 2024 mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 3,300 a kowane zaɓe ba, ana lissafa na fitar da gwani daban da na gama-gari. Baƙon da ba shi da izinin zama na dindindin haramun ne ya ba da ko sisi. Wanda yake buƙatar ɗaruruwan miliyoyi da irin wannan iyaka dole ya fara tarawa da wuri, daga mutane da yawa. Tallafin gwamnati da a da yake daƙile kashe kuɗi ya kusa mutuwa tun da Obama ya ƙi karɓarsa a 2008, John McCain ne ɗan takarar babbar jam'iyya na ƙarshe da ya karɓa a babban zaɓe. Hukunce-hukuncen kotu na 2010, musamman na Citizens United, sun buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin waje su tara kuɗi ba iyaka muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. Jam'iyyu ma sun ƙara wa wutar fetur da sharuɗɗan muhawara: kafin a hau dandalin muhawarar Rifablikan ta farko a Agustan 2023, sai ɗan takara ya nuna masu ba shi gudummawa 40,000 daban-daban, wata biyar kafin a jefa ƙuri'ar farko.

A shafin FEC, abin dubawa ba jimillar abin da aka tara ba ne kaɗai. A duba kuɗin da ya rage a hannu, a kwatanta abin da ya shigo da abin da ya fita a zangon, a duba bashi. A shekarar da ta gabaci zaɓe rahotanni sukan fito duk wata uku, tsakiyar Afrilu da Yuli da Oktoba da ƙarshen Janairu, a shekarar zaɓe kuma manyan 'yan takara duk wata suke bayarwa. Kamfen da yake kashe fiye da abin da yake samu zango biyu a jere yana cikin haɗari ko da ƙuri'ar jin ra'ayi tana yi masa murmushi. Scott Walker ya janye a Satumban 2015, Harris a Disamban 2019 ta ce kuɗi ne suka gaza, Mike Pence a Oktoban 2023, dukkansu kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya. Wannan tankaɗe da rairayar na shekarar farko ba ya fitowa a kowace taswira. Kuɗin kuma ba ya saye wa mutum tikiti: Michael Bloomberg ya kashe kusan dala biliyan ɗaya daga aljihunsa a 2020, bai ci ko'ina ba sai yankin American Samoa.

Abin da ya faru a 2024 ya nuna cewa neman tikiti ne yake cin lokaci, ba babban zaɓen ba. Biden ya janye ranar 21 ga Yuli, Harris ta yi kamfe na kwana 107 kacal. Ta iya ne saboda ta gaji asusu da ma'aikatan kamfen da sunanta yake ciki tun farko, daliget kuma suka koma bayanta ba tare da hamayya ba.

Daren zaɓe mutane da yawa sukan buɗe shafin suna cike taswira yayin da sakamako yake shigowa, kuma ya dace da hakan, in dai an san abu biyu. Amurka ba ta da hukumar zaɓe ɗaya mai bayyana wanda ya ci, dubban ƙananan hukumomi ne suke ƙidaya bisa dokar jiharsu, abin da ake gani a daren kuma hasashen kafofin labarai ne irin su kamfanin dillancin labarai na AP. Na biyu, tsarin ƙidaya yana iya ruɗar da mai kallo. Fulorida tana fara tantance ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya makonni kafin ranar zaɓe, don haka sakamakonta yana fitowa da wuri. Pennsylvania da Wisconsin doka ba ta yarda su fara ba sai safiyar ranar. A 2020, da mutane sama da miliyan 100 suka yi zaɓe kafin ranar, akasarin masu aikowa ta gidan waya kuma 'yan Dimokurat ne, Trump ya fara da gaba a Pennsylvania tazarar ta yi ta raguwa, ba a bayyana Biden ba sai Asabar 7 ga Nuwamba. Kada a shafa wa jiha launi don an ga kashi 60 na ƙuri'u sun shigo, sai an san daga ina ragowar za su fito. Bayan haka jihohi su tabbatar da sakamako, wakilan zaɓe su hallara a manyan biranen jihohinsu a tsakiyar Disamba, a 2024 ranar 17 ga wata, majalisa ta ƙirga ranar 6 ga Janairu, a rantsar ranar 20.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, shafin da Turanci yake, tallace-tallace suna da yawa domin su ne kuɗin shigarsa, kuma a ƙaramar waya latsa ƙananan jihohin arewa maso gabas irin su Delaware da Rhode Island yana da wuya, gara a yi amfani da akwatunan da aka jera musu a gefe ko a koma kwamfuta. Akwai irin wannan taswirar ta Majalisar Dattawa da ta Wakilai da ta gwamnoni, ga mai son zurfafawa.

Kashedi na ƙarshe ya shafi lambobin kansu. Ana sake rabon wakilai bayan kowace ƙidaya ta shekara goma. Bayan ta 2020 Teksas ta ƙaru da biyu, Fulorida da North Carolina da ɗaya-ɗaya, Pennsylvania da Michigan suka rasa ɗaya-ɗaya, Kalifoniya ma ta rasa ɗaya a karon farko a tarihinta. Saboda haka jihohin da suka ba Biden 306 a 2020, da lambobin yanzu 303 za su bayar. Lambobin 2024 su ne za a yi amfani da su a 2028, sai ƙidayar 2030 ta sauya su domin zaɓen 2032. Wanda zai kwatanta zaɓuka biyu a shafin ya tabbatar da shekarar taswirar da yake kai kafin ya fara haɗa lissafi.